Waken da Ya Ƙi Yin Rawaya

Kowa a cibiyar bincikenmu Baban Yashi yake ce masa, har shugaban sashe, har matarsa in ta biyo ta bakin ƙofa tana nemansa. Daga aikinsa sunan ya fito. Shekara ashirin da takwas yana wanke yashi. In na faɗa wa mutane haka sai su yi dariya, su ɗauka zolaya ce, amma aikin ke nan: a juye yashin rafi daga tifa, ya tankaɗe shi, ya jiƙa shi da ruwan asid, ya ɗauraye sau bakwai ko takwas har ruwan ya fito garau, sannan ya dafa shi a babbar tukunyar tururi don kada wata ƙwaya mai rai ta saura a ciki. Daga nan ya cika tukwanen roba, a shuka wake. Yashin da babu komai a cikinsa muke so, don duk abin da waken ya samu mu san mu muka ba shi.

A matsayin lebura ya zo, lokacin da ake gina ɗakin gilashin da muke shuka a ciki. Wani tsohon farfesa, wanda ya rasu tun kafin in zo, ya lura kullum in an tashi akwai wani gajeren saurayi da yake tsayawa ya kankare siminti daga shebur da kwanon kwaɓa, ba wanda ya sa shi. Da aka gama gini aka sallami sauran, farfesan ya ce a bar masa wannan. A nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'ya biyar, babbar yanzu ma'aikaciyar jinya ce, autan yana koyon gyaran firji. Keke ɗaya yake hawa tun wancan zamanin, an sauya masa komai in ban da ƙararrawa. Asid ya ci bayan hannunsa ya bar masa fari-fari. Karatunsa bai wuce lambobi da sa hannu ba, amma ya san wake sanin da ban ga wani mai digiri ya yi masa ba.

Ni ce mai kula da ɗakin gwaji, shekara shida ke nan. Gara in faɗi halina tun yanzu, don shi ne rabin labarin. Gwaggona ce ta rene ni, mace ce da take zana layi da biro a jikin gwangwanin sukari kafin ta fita unguwa, ta dawo ta ɗaga shi a haske. Na tsani wannan ɗabi'a tata, na kuma kwashe ta kaf. In mutum ya cika kirki sai in fara tunanin me yake rufewa. Mijina yakan ce ko Mala'ika ne ya kawo mini saƙo sai na nemi ganin katin shaidarsa.

Aikin da muke yi na Dakta ne, mace mai magana ɗaya, wadda ta ƙare shekara uku a kan tambaya guda. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya a ƙasa da ke shiga saiwar wake. Waken sai ya yi musu 'yan ƙuraje a jikin saiwar, su zauna ciki, ya riƙa ba su abinci, su kuma su riƙa jawo naitirojin daga iska suna mayar masa da shi taki. Kowace ƙwaya tana da rubutun gado a jikinta, layi-layi, kowane layi da aikinsa. Dakta ta cire layi ɗaya, wanda ke sa ƙwayar ta haɗa wani sinadari, enzayim, da take ƙona abincin da saiwa ke ba ta da shi. Abin da take son sani shi ne, in babu wannan layin, ƙwayar za ta iya yi wa waken taki ko ba za ta iya ba.

Kashi uku muke shukawa. Baba ne ya raɗa musu suna, har Dakta ta koma faɗar nasa. Waɗanda aka ba ƙwayoyin da ba a taɓa ba, lafiyayyu. Waɗanda aka ba ƙwayoyin da aka cire wa layi, guragu. Waɗanda ba a ba komai ba, marayu. Kowane kashi da teburinsa, kuma Baba yana ɗaura wa tukwanen zare a wuya: baƙi ga marayu, fari ga guragu, ja ga lafiyayyu. Sati biyu na farko duk iri ɗaya suke, don kowa yana cin guzurin da ke cikin irinsa. Daga sati na uku ake rabuwa. Lafiyayyu su yi shar, guragu da marayu su yi rawaya, su tsumbure. Sau biyu aka yi gwajin haka ya fito. Na uku ne Dakta take jira ta rubuta sakamako.

A gwaji na biyu ne na fara sa wa Baba ido. Guragu biyu sun ɗan fi 'yan uwansu kore, kaɗan ne, Dakta ma ta ce ba komai ba ne, wataƙila irin ne ya fi ƙiba. Ni dai abin ya tsaya mini. Wata safiya na shigo ban yi motsi ba, na ji shi a teburin guragu yana magana ƙasa-ƙasa.

"Sannunku," yake cewa. "Ku yi haƙuri. Ba laifinku ba ne, karatu ake yi da ku."

Ya shafa ganyen ɗaya da bayan yatsa. Wani zai ji tausayi ya kama shi. Ni abin da ya faɗo mini shi ne, mutumin da yake ba shuka haƙuri, me zai hana ya ba ta abin da ya fi haƙuri amfani? Ga shi kullum shi yake fara zuwa, ƙarfe shida da rabi ya buɗe ɗakin gilashi, ya gama ban ruwa kafin wani ya sa ƙafa. Ga ɗan lambunsa a bayan ginin, kunya huɗu ta tumatir da barkono, da ƙullin takin zamani rataye a ƙusa ƙarƙashin rumfa. Taku goma sha biyu ne daga ƙusar zuwa ƙofar ɗakin, na auna.

Mai sito ya ƙara hura mini wuta. Shi mutum ne da bai taɓa cewa wani ya yi abu ba, sai dai ya ce bai ce bai yi ba.

"Ni ban ga komai ba, Malama," ya ce, yana jera kwalabe. "Amma tsohon nan ɗan manoma ne. Ɗan manoma ya ga ganye yana rawaya ga taki a kusa, ai kin san sai dai a ɗaure masa hannu."

Da za a fara gwaji na uku sai tafiyar aiki ta kama Dakta, ta wata guda. Ta bar komai a hannuna. Ranar da aka shuka, ni na zuba ƙwayoyin da kaina, bayan Baba ya tashi. Sannan na kwance zaren nan duka, na liƙa wa tukwane sittin lambobi, na cakuɗa su a kan teburan, maraya kusa da lafiyayye, gurgu a tsakani. Jerin da ke nuna wace lamba ce wane na kulle shi a aljihun teburina. Cakuɗa tukwane ba laifi ba ne a aikinmu, ana ma so. Amma ni ba don ilimi na yi ba. Na yi ne don in Baba yana da waɗanda yake tausaya wa, ya rasa gane su.

Washegari ya tare ni a bakin ƙofa da zaren a hannunsa, ya tsinto su daga kwandon shara ya warware su ɗaya-ɗaya.

"Malama, an kwance wa yaran nan zarensu."

"Ni na kwance, Baba."

"To ta ina zan fara? Kin san marayu nake fara ba wa, sai guragu, lafiyayyu a ƙarshe, in wanke hannu."

"Wannan karon duk iri ɗaya ne," na ce. "Ka bi layi kawai."

Ƙarya ce, kuma ta fito mini sumul, ko tuntuɓe ban yi ba. Ya dube ni, ya dubi teburan, ya ce to. Ya naɗe zaren ya sa a aljihu. Ban tambaye shi me ya sa yake bin wancan tsarin ba. Na ɗauka irin camfe-camfen tsofaffin ma'aikata ne, kamar yadda mai sito ba ya yarda a buɗe sabon kwali ran Litinin.

Na ci gaba da tsaro. Ƙullin takin nan na yi masa alama da biro a inda ya tsaya, kamar yadda aka koya mini a gida. Kullum da rana in zagaya in duba. Yana raguwa, amma tumatir ɗinsa ma yana girma, don haka ban samu abin kamawa ba. A haka kuma muke zama da shi ƙarfe goma mu sha shayi a kan benci, ya gutsuro mini burodinsa, ya ba ni labarin jikarsa da ta ce in ta girma za ta zama direbar jirgin ƙasa. Ina dariya, ina kallon ƙasan farcensa ko zan ga farin gari.

A sati na uku ya same ni a ɗakin gwaji, ya tsaya daga bakin ƙofa don ba ya shiga da takalmin lambu.

"Malama, kin ce iri ɗaya ne?"

"Na ce."

"Wasu na rawaya. Lamba tara, da sha huɗu, da ashirin da biyu. Ba su yi mini kama da iri ɗaya ba."

"Ka dai ba su ruwa, Baba. Sauran namu ne."

Ya daɗe a tsaye kafin ya juya. Na ce a raina, ga shi nan, yana neman masu rawayar.

Dakta ta dawo ta ga lambobi, ta yaba mini, ta ce da ma haka ya kamata a riƙa yi. Ba ta tambaye ni ko na ba Baba jerin ba, don ba ta zaci akwai mai hankalin da zai hana shi ba. A sati na biyar muka fito da jerin muka shiga da shi ɗakin gilashi, muna bin tukwane ɗaya-ɗaya. Cikin guragu ashirin, goma sha ɗaya sun yi kore shar, ganye faffaɗa. Cikin marayu ma, waɗanda ba a ba komai ba, bakwai sun yi kore. Dakta ta kai ƙarshen tebur ta dawo ta sake bi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire gilashinta ta riƙe a hannu.

"Da guragu ne kaɗai da sai in ce ni na yi kuskure shekara uku," ta ce. "Amma maraya ba ya kore da kansa. Wani ya taɓa tukwanen nan."

Ba ta tambaye ni wa nake zargi ba. Ni na zuba mata komai, da ba da haƙurin, da ƙullin taki, da taku goma sha biyu, da zuwansa ɗakin gwaji yana lissafo masu rawaya. Kuma in faɗi gaskiya, wani daɗi na ji yana ratsa ni, daɗin wanda hasashensa ya tabbata. Kafin a tashi aiki an ba Baba takardar tuhuma, an ce kada ya ƙara shiga ɗakin gilashi sai kwamiti ya zauna. Saura masa wata goma sha ɗaya ya yi ritaya. A cibiyarmu lalata gwaji da gangan hukuncinsa kora ce, a liƙa sunanka a allon sanarwa na bakin ƙofa, inda kowa ke tsayawa ya karanta.

Kwana biyu yana zuwa ya zauna ƙarƙashin rumfarsa. Masu shara da direbobi, waɗanda jiya suke rububin gaishe shi, suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Matarsa ta zo ta tsaya a bakin ƙofar cibiya, ta tambayi mai gadi ko gaskiya ne an ce mijinta ya yi ha'inci. Ta taga na hango ta, doguwar mace riƙe da jaka da hannu biyu. Na ja labule.

Mu huɗu ne a zaman: shugaban sashe, Dakta, ni, da shi. Ya sa rigarsa ta zuwa biki, guga har ta yi ƙyalli. Shugaban sashe ya karanta tuhumar, ya tambaye shi ko ya zuba wa tukwanen taki.

"Ranka ya daɗe, ban zuba ba. Amma faɗata ba za ta yi komai ba. A ba ni izini a ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda suka yi koren."

Ni aka aika. Na ɗauko lamba talatin da ɗaya, gurgu ne a jerina, da bokitin ruwa. Ya naɗe hannun rigarsa, ya kifa tukunyar a tafinsa, ya tsoma saiwar a ruwa yana girgiza ta a hankali har yashin ya zube. Ƙuraje ne reras a jikinta, manya-manya. Ya tsinko ɗaya ya tsaga da farcen babban yatsa, ya miƙa wa Dakta. Cikinsa ja ne, kamar ɗanyen nama.

"Ranki ya daɗe, ke kin fi ni sani," ya ce. "Ƙurjin gurgu fari ne a ciki, shekara biyu muna tsagawa tare. Ja sai mai aiki. Kuma in aka ba wake taki, ƙin yin ƙurji yake. Ya ƙoshi, don me zai ɗauki nauyin baƙo? Da taki na zuba, da saiwar nan sumul za ki gan ta."

Dakta ta tsaga na biyu da na uku da kanta. Fuskarta ta sauya. Da a ce fushi bai rufe mata ido ba, ita ce za ta fara tumɓuke ɗaya ta duba, kuma na ga ta gane hakan.

"Ba taki ba ne," ta ce wa shugaban sashe. "Ƙwayoyi ne masu aiki a ciki. Ko dai guraguna sun warke, ko kuma lafiyayyu sun shiga gidan da ba nasu ba."

Akwai hanyar ganewa. Guragun ƙwayoyin Dakta suna da alama: suna rayuwa a farantin da aka zuba wa wani magani, lafiyayyu kuwa mutuwa suke. Aka ɗage zama. Ni na murtsuke ƙurajen na shafa a farantai, na sa a akwatin ɗumi. Kwana huɗu ake jira. A kwanakin nan zargina bai kwanta ba, sai ma ya sauya riga. Na ce to, ba taki ba ne, ya fi haka wayo, ya ɗebi yashin lafiyayyu ne ya barbaɗa wa masu rawaya. Har ga mijina na faɗa. Ya dube ni ya ce, "Ke dai sai kin kama tsohon nan hankalinki zai kwanta."

Ran kwana na huɗu farantan maganin suka fito wayam. Lafiyayyu ne suka shiga.

Aka koma zama. Shugaban sashe ya ce yanzu tambaya ɗaya ta rage, yaya aka yi suka tsallaka. Baba ya nemi a ba shi jerin ya gani, a karanta masa waɗanda suka yi kore. Dakta tana karanto lambobi, shi kuma ya runtse ido, yatsansa yana tafiya a kan teburin shugaba kamar yana bin layi. Tun ba ta kai ƙarshe ba ya buɗe ido.

"Ni ne," ya ce. "Yatsana ne."

Ya ɗaga manuninsa na dama.

"Kafin in ba tukunya ruwa sai na cusa shi a yashi in ji damshinta. Sikelin da aka ce a riƙa aunawa da shi ba ya gaya mini abin da wannan ke gaya mini. Shekara ashirin da takwas haka nake yi. Duk waɗanda aka karanto, in kin duba, tukunyar da nake taɓawa kafin su lafiyayya ce. Ni na ɗauko na kai musu."

"Amma ba a taɓa samun haka ba," in ji Dakta.

"Saboda daga marayu nake farawa in ƙare da lafiyayyu. Abin da ba shi da komai ba ya shafa wa mai shi."

A nan na gane tsarin da na raina, na kuma gane wanda ya rushe shi.

"To me ya hana ka bin tsarinka wannan karon?" Dakta ta tambaya. "Ba a ba ka jerin ba?"

Bai dube ni ba, ko ta gefen ido. Hannunsa kawai yake kallo. Dakta ta juyo gare ni.

"Kin ba shi jerin ko?"

Na gyaɗa kai. Ban ce e ba, amma kaina ya sauka ya ɗago, kuma kowa ya gani. Shi ma ya gani, don a daidai lokacin ne ya ɗago.

Shugaban sashe ya ce ba ganganci ba ne, amma sakaci ne babba: an ba mutum jeri ya ƙi bi, yana cusa hannu a gwaji ba da sanin kowa ba. Ya ce za a rubuta sallama, a sassauta kalmomin saboda shekarunsa. Ya tambayi Baba ko yana da abin cewa.

"Babu, ranka ya daɗe. Yatsan nawa ne."

Kwana biyu na yi da abin a cikina. Ina ta kawo wa kaina hujja. Ai yatsan nasa ne da gaske. Ai an hana taɓa yashi. Ai da ya faɗa mini dalilin tsarin nasa. Har na fara zargin shirun nasa, ina cewa ajiye maganar ya yi don ya riƙe ni da ita wata rana. Mutumin da za a kora jibi, da me zai riƙe ni? Amma haka kaina yake aiki, ba ya gajiya. 'Yata ƙarama ta tambaye ni ko wani ya yi mini faɗa a wurin aiki, na daka mata tsawar da ba ta cancanta ba.

Ran kwana na uku da safe na shiga ofishin sakatariya karɓar takardu, na ga wasiƙar a kan tebur tana jiran sa hannu. Na karanta a tsaye. Layi shida ne. A nan na fara ganin cikakken sunansa a rubuce, shekara shida muna shan shayi tare ban taɓa tambaya ba. Na ajiye takardun da na zo karɓa, na wuce ofishin Dakta ban ƙwanƙwasa ba.

Na faɗa mata duka. Ban ba shi jerin ba. Ya tambaya sau biyu, sau biyu na ce masa iri ɗaya ne. Don in kama shi na yi. Ta bar ni na kai aya, sannan ta tashi ta rufe ƙofa.

"Kin san abin da ya fi ba ni haushi?" ta ce. "Ba wata biyun da muka yi asara ba. A gabana kika gyaɗa kai, ni kuma na yarda da ke a kansa, saboda ke ce mai takarda."

Ta buɗe ƙofa ta wuce ofishin sakatariya. Ta ɗauki wasiƙar da kanta ta kai wa shugaban sashe, ta faɗa masa gaskiyar magana. Ni aka rubuta wa gargaɗi, yana cikin fayil ɗina har gobe, kuma na cancanta. Baba aka ce ya koma aikinsa, da sharaɗin ya bar cusa yatsa, ya riƙa aunawa da sikeli. Aka ce a sake gwajin daga farko.

Na same shi ƙarƙashin rumfa yana ɗaure tumatir a jikin kara. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa kowa a wurin aiki ba.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, Malama, ƙasa da datti. Na yafe."

"Me ya sa ba ka faɗa musu ba?"

"Kina da yara ƙanana. Ni nawa sun girma." Ya ƙulla igiyar, ya yanke da haƙori. "Abu ɗaya zan tambaye ki. Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kike tsarona."

Na so in rage. Na ce a raina ƙarya ta isa haka.

"Tun gwaji na biyu."

Ya yi lissafi da leɓe. "Wata bakwai," ya ce. "Har da lokacin shayi?"

"Har da shi."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya koma kan tumatir ɗinsa. Bai ɗaure fuska ba, bai yi mini gori ba. Na tafi ina cewa an wuce wurin.

Washegari na zo ƙarfe takwas kamar kullum, na tarar da ɗakin gilashi a kulle, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa da butocin ruwa a jere a gabansa. Ya miƙo mini mabuɗi.

"Ki riƙe a wurinki. In kin zo sai mu shiga."

"Haba Baba. Ai magana ta ƙare, kowa ya san ba ka yi komai ba."

"Sun sani yau. Ki dai riƙe."

Na roƙe shi, Dakta ta yi masa magana, shugaban sashe ma ya kira shi. Duk wanda ya yi masa magana sai Baba ya ce to, ranka ya daɗe, amma mabuɗin bai koma aljihunsa ba. Na koma fitowa ƙarfe shida don kada ban ruwa ya makara. In buɗe, ya shiga, in tsaya. In na juya baya zan duba wani abu sai ya dakata da butar a hannu har in juyo. Gwajin ya fito yadda Dakta ta zata, guragu ashirin duk suka yi rawaya, ƙurajensu farare. Ta rubuta sakamakonta, ta sa sunansa a cikin waɗanda ta gode wa. Na karanta masa, ya ce madalla.

Saura sati uku ya yi ritaya zazzaɓi ya kwantar da ni. Dakta ba ta gari, wayata kuma ta mutu ban lura ba. Sai wajen ƙarfe ɗaya na iya lallaɓowa. Rana ce irin wadda take mayar da ɗakin gilashi tanda. Tun daga nesa na hango shi zaune a kan bulo a bakin ƙofa, babu inuwa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya juya yana kallon ciki ta gilashi. Sabon waken da muka shuka duk ya yi yaushi, ganye ya langaɓe a kan tukwane. Mai sito yana da mabuɗi na biyu, taku kaɗan ne, kuma tun safe ya yi masa tayi.

"Baba, da ka karɓa ka shiga mana. Dubi yadda suka yi."

"Na gani," ya ce. "Tun ƙarfe tara nake kallonsu."

"To me ya hana ka?"

"Wa zai shaida?"

Ya miƙe da ƙyar, ya kaɗe wandonsa, ya ɗauki butoci biyu, ya tsaya a bayana yana jira in buɗe.